Hotunan da Suka Ƙi Buɗewa

Kan saƙo: Ɗakinki ya kammala

Assalamu alaikum Goggo,

Da fatan kin tashi lafiya, kuma gwiwar nan ta ɗan sassauta miki. Mu nan kalau muke, sai takwararki da ta ɗauko mura a makaranta ta raba wa kowa a gidan, babu wanda ta hana. Surukarki tana gaishe ki da kyau.

Goggo, na cika alkawari. Kin ce ba za ki ba ni amsa kan dawowarki wurinmu ba sai kin ga ɗakin da idonki. To ga shi. Na sa hotunan a cikin imel ɗin nan, ki gangara ƙasa za ki gan su. Na kwashe tarkacen aikina kaf, har matattun injinan firjin da surukarki ta daɗe tana yi mini gori a kansu. An yi fenti, an sa labule, na sauya ƙofar banɗaki.

Na san za ki ce na fara garajen nawa. Amma mai gidanku ya ce kowa ya tashi kafin ƙarshen shekara, rushe ginin za a yi. Ko ba don haka ba, hawa benen nan da gwiwarki ya isa haka nan. Ke kika riƙe ni bayan rasuwar Baba. Ba zan zauna a gida mai ɗaki a ƙasa, ke kina can kina yawon neman haya ke kaɗai ba. Aiki ne ya kawo ni nesa, ba guduwa na yi ba.

Ki duba, ki faɗi abin da za a sauya, sannan ki ce mini to.

Ɗanki,
Garaje

Kan saƙo: Ina hotunan?

Wa'alaikumus salam ɗana,

Saƙonka ya same ni lafiya. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Ka ce wa takwarata in ji ni, mai sunana ba ta kwanciya saboda mura. A gaishe mini da 'yata, Allah ya saka mata da haƙurin zama da kai da injinanka.

To, Injiniya, me ka aiko mini? Na gangara har na gaji. Na kira mai kemis ɗin ƙasanmu, ta rufe shago ta hau ta duba mini. Ta ce akwatuna ne fanko a jere, kowanne da 'yar alama a kusurwa, babu komai a ciki. In ɗakin ke nan, lallai ka kwashe kaya, har da bango ka haɗa.

Duk shekarun da na yi ina buga tafireta a ofis, in na rubuta a ƙasan wasiƙa cewa an haɗa da takarda, to takardar tana nan maƙale da kilif. Ban taɓa aika wa mutum fanko ba, kuma ban taɓa barin wasiƙa ta fita da kuskure ba. Kai shaida ne, tunda da nake koya maka bugawa ka sha zama ina rufe maka hannu da tawul don kada ka leƙi yatsunka. Har yau yatsun nan nawa ba su ba ni kunya ba.

Ka gyara abinka. Kafin nan, ka rubuta mini abin da ke cikin kowane hoto, in san me nake jira.

Goggonka

Kan saƙo: Ga gyara

Goggo, barka da war haka,

Muna lafiya, murar ta tattara ta tafi. Surukarki ta karanta maganar bango ta yi dariya har da riƙe ciki.

Laifina ne. Na zuba hotunan a cikin jikin saƙon, shi kuma imel yakan toshe irin waɗannan sai an ba shi izini. A can saman saƙon akwai ɗan siririn layi da ke tambaya ko a nuna hotuna, ki danna shi. Don kada mu sake faɗawa ramin, yanzu na maƙala su daban, irin naki na ofis. Za ki ga alamar kilif a gefen kan saƙon, abokinki na dā. Na kuma rage musu girma, don wayata tana ɗaukar hoto mai nauyin da tsohuwar kwamfutarki ba za ta iya ɗagawa ba.

Ga abin da ke ciki. Na farko daga bakin ƙofa na ɗauka. Gado yana hannun dama, jikin bango, da bargon da kika saƙa mini lokacin da zan tafi koyon aiki. Ya koɗe, amma na hana a yar. Na biyu taga ce. Tana kallon bayan gida, inda igiyar shanya take da wata bishiyar lemo da ba ta taɓa yin ɗa ba, sai ganye da alkawari. Da safe rana tana shigowa har tsakiyar ɗaki. Na uku teburinki ne, mai saman gilashi, na ajiye shi kusa da tagar don ki samu hasken karatu. Na ƙarshe takwararki ce ta faɗo ciki ba a gayyace ta ba, ta buɗe baki tana nuna gurbin haƙorin da ya fita.

Ki danna, ki ba ni labari.

Garaje

Kan saƙo: Har yanzu dai

Ɗana,

Ina gajiya, ina aiki? Ni lafiya, sai ƙurar ginin da suka fara fasawa a maƙwabta, kullum sai na goge tebur.

Na danna layin. Na danna kilif. Ban ga komai ba.

Amma bishiyar lemon nan ta tsaya mini a rai. Wane ɓangare na tagar take? Ana iya miƙa hannu a taɓa ganyenta? Bargon kuma ashe kana da shi! Na ɗauka ka daɗe da mai da shi tsumman goge hannu. Akwai wuri ɗaya a gefensa da zaren ya ƙare mini na ƙarasa da wani launi, ka duba ka faɗa mini ko yana nan. Haƙorin takwarata na sama ne ko na ƙasa?

Ka iya ba da labari, ban san da haka ba. Kana yaro in na tambaye ka yaya makaranta, sai ka ce lafiya, ka wuce kicin.

Goggonka

Kan saƙo: Gwaji na ƙarshe

Goggo,

Lafiya lau muke. Haƙorin sama ne, ɗinkin bargon yana nan, ganyen kuma sai kin ɗan leƙa.

Abin nan ya fara ba ni kunya. Mutumin da ke gyara firjin asibiti guda ya kasa aika wa goggonsa hoto. Na sauya nau'in hotunan zuwa wanda kowace kwamfuta ke buɗewa. Na aika wa kaina, sun buɗe. Na aika wa wani abokin aikina mai kwamfutar da ta girmi taki, sun buɗe. Na yi zaton ko akwatinki ne ya cika, to amma da haka ne da saƙon ma bai shiga ba.

Ki yi mini abu ɗaya. Ki tura mini wannan saƙon yadda ya zo miki, kada ki taɓa komai. In hotunan suna lalacewa a hanya ne, zan gani.

Garaje

Kan saƙo: Ga shi na turo

Ɗana,

Ina lafiya. Ga saƙonka na mayar maka. Ka daina wahalar da kanka, kada ka ƙara aiko mini hoto. Maganar ɗaki kuma a bar ta tukuna.

Goggonka

Kan saƙo: Sun dawo lafiya

Goggo,

Ina fatan kina lafiya. Mu ma haka.

Saƙon ya dawo, hotunan duka suna ciki, garau, babu wanda ya yi ko ƙwarzane. Na kira mai kemis, ta ce tun randa na maƙala su da kilif ta gan su a kan kwamfutarki a buɗe. Da na tambaye ta me kika ce, sai ta ce in tambaye ki da kaina.

Ashe kin gani. Goggo, in ɗakin ne bai yi miki ba, ai sai ki faɗa. Na san ƙarami ne. Na san ba gidan da kika yi wa ɗanki fata ba ne. In kuma zama da mu ne ba kya so, wannan ma da kin faɗa mini kai tsaye, ba ki bar ni ina ta rage girman hoto kamar wawa ba. Surukarki tun jiya tana ganin ko ita ce sanadi. Ni kuwa raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba, ke kika hana ni ɓoye irin wannan.

Ba zan sake tayar da maganar ba sai kin tayar.

Ɗanki

Kan saƙo: Ka yi shiru

Ɗana,

An kwana biyu. Na yi ta jiran ka huce ka rubuto, shiru. Waya ma in na ji ta yi ƙara sai in ce kai ne, sai in ji masu tallar layi. Ni lafiyata ƙalau. Mutanen ɗakin da ke kallon nawa sun tashi, yanzu in na yi tari benen gaba ɗaya ke amsawa.

Ka gaya wa 'yata ta cire wannan daga ranta. Ban taɓa samun abin da zan ce a kanta ba sai alheri. Ɗakin ma ba ƙanƙantarsa ba ce, ni da na rene ka a ɗaki ɗaya da labule a tsakiya. Ka iya fushi irin na babanka, ku kulle ƙofa ku jefa makullin a rijiya. Bari in sauke ruwan zafi, yana ta ihu a kan wuta.

es;;sjo oms dpm om xp. ydptp mslr ko/

Hphhpmls

Kan saƙo: Goggo

Goggona,

Muna lafiya. Ki yafe mini saƙon da ya wuce, da shirun da ya biyo bayansa.

Da na ga ƙarshen wasiƙarki na ɗauka wata matsalar imel ce kuma. Har na fara tunanin me ya lalace a hanya. Sai na kalli kibod ɗina. Kin tashi kin sauke ruwa, da kika dawo hannuwanki suka sauka gefe da maɓalli ɗaya. Na bi harafi-harafi ina matsawa hagu, na karanta. Kin ce wallahi kina son ki zo, tsoro kike ji.

Kowa yana iya yin wannan kuskuren. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ke ki yi shi, ki kalli allon, ki aika. Ke da kike mayar da wasiƙar shugaban ofis saboda waƙafi ɗaya.

Sai na koma na karanta saƙonninki tun daga farko. Ba ki taɓa cewa hotunan ba su buɗe ba, sai a karon farko, shi ma mai kemis ce ta duba miki. Cewa kika yi ba ki ga komai ba. Ni kuma na yi ta gyaran kwamfuta.

Tun yaushe, Goggo? Me likita ya ce? Wa ke karanta miki saƙonnina? Na zauna a ɗakin naki na kasa tashi, surukarki ce ta zo ta same ni a can. Don Allah ki faɗa mini duka, kada ki rage.

Ɗanki

Kan saƙo: Tunda ka kama ni

Ɗana,

Lafiya nake, kuma wannan karon na shafa maɓallan da kyau kafin in fara. 'Yan ƙurajen nan biyu da yatsa ke ji ya gane wurin zamansa sun goge a kibod ɗina saboda tsufa, shi ya sa na zame. Da mai kemis ta karanta mini abin da na aika, na ji kunyar da ban taɓa ji a ofis ba.

Tun bara abin ya fara. Likitan ido ya ce tsakiyar ganina ce ke tafiya. Gefe-gefe ina gani. In na kalli mutum sai in ga kunnuwansa da kafaɗunsa, fuskar kuwa kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a gilashi. Ya ce akwai allurar da za ta iya riƙe abin da ya rage, wanda ya tafi kuma ya tafi. Mai kemis ta saita mini wata murya a kwamfuta da ke karanta mini saƙo. Tana karanta Hausa kamar wadda ta cika baki da ruwa, amma mun saba. In ta iso kan hotunanka sai ta ce hoto, ta jero wasu lambobi, ta wuce. Ni na roƙi mai kemis ta rufa mini asiri, kada ka ga laifinta.

Karon farko da gaske ba su buɗe ba, har na ji daɗi. Da ka rubuto mini bishiyar lemo da bargon, na sa muryar ta maimaita mini har ta kusa gajiya. A nan na ga ɗakin. Sai na yi kwaɗayin ƙari.

Ga tsoron. A ɗakin nan nawa ƙafata ta san komai, ba na neman kowa. Kai kuma ka shirya ɗaki ne don Goggon da ka sani, mai karatu a bakin taga, wadda za ta duba wa takwararta aikin makaranta, ta zura wa 'yata zare a allura. Waccan ba ita za ta sauko daga mota ba. Wadda za ta zo sai an riƙe mata hannu, sai an ce mata ga mataki. Na ɗauke ka a kafaɗa, ban shirya zama kaya a kafaɗarka ba.

Ka ga dalilin. Yanzu sai ka sake tunani, ba zan ji haushi ba.

Goggonka

Kan saƙo: Babu hoto a cikin wannan

Goggo,

Muna lafiya, sai ƙwaurina da ya kumbura, yanzu za ki ji dalili.

Na sake tunani kamar yadda kika ce. Na ɗauki tawul na ɗaure idona, na shiga ɗakinki. Teburin gilashin nan da nake taƙama da shi ne ya fara gaishe ni a ƙwauri. Ya fita, na kawo na katako mai zagayayyen baki. Gefen kafet ya harɗe ni, shi ma ya fita. Surukarki tana bakin ƙofa tana dariya tana share hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba.

Ga ɗakin yanzu. In kin shiga, hannunki na dama zai samu ƙarfe a jikin bango, ki bi shi zai kai ki gado, ya wuce da ke har banɗaki. Makunnin fitila na liƙa masa abu mai kaushi. Ƙofofin na yi musu fenti mai duhu a kan farin bango, gefen idonki zai kama su. Inda kika ji ɗumi a fuska da safe, nan ce taga. Na janyo reshen lemon na ɗaure shi, yanzu ba sai kin leƙa ba, ganyen zai taɓa hannunki. Asibitin da nake gyara wa firji yana da sashen ido, na riga na yi magana da su.

Maganar kaya kuma, ki bari. Takwararki ta fara koyon kwamfuta a makaranta. Goggo, da yatsa biyu take bugawa, hancinta a kan kibod. Na kasa kallo. Na gwada rufe mata hannu, ta ce ni ma leƙe nake yi. Aikin nan ba na mai ido ba ne, kuma ban san wanda zai iya shi ba sai ke.

Ban fasa ba. Ki ce mini to.

Garaje

Kan saƙo: An haɗa da takarda

Ɗana,

Ina lafiya. A shafa wa ƙwaurin man zafi, Allah ya ƙara, wa ya ce ka sayi tebur na gilashi?

Yatsa biyu! A gidan ɗana! Ka ce mata ta shirya.

Na ɗauki hoto da wayata, ni da kaina, ban bar mai kemis ta taɓa ba sai wajen maƙalawa. Ban san abin da na kama ba. Ka duba ko ya buɗe, ka faɗa mini me ke ciki, kada ka rage komai.

Goggonka

Kan saƙo: Ya buɗe

Goggo,

Ya buɗe tun dannawar farko.

Rabin hoton silin ne. A kusurwar hagu akwai babban yatsanki, ya fito sosai. A ƙasa ga akwatinki na ƙarfe a kan gado, a buɗe, cike da kaya. Tsohuwar tafiretarki tana gefensa an ɗaure ta da igiya, tawul ɗin nan mai ratsin shuɗi yana ninke a kanta. Na gane shi, har da ƙonewar da na yi masa da dutsen guga.

Akwai kuma abin da ba ki san kin ɗauka ba. Madubin jikin bango ya shigo ta gefe, kina ciki. Kin riƙe wayar a karkace, ɗankwalinki ya zame baya, kin kalli wani wuri daban, kina murmushi. Kin rame kaɗan. Kin yi kyau, Goggo.

Na karɓi hutu a wurin aiki, ranar Asabar ina tafe. Kada ki ɗaga akwatin nan da kanki.

Ɗanki,
Garaje